Faratan 'Yar Tabawa

Ranar da aka ƙunsa mata lalle mu biyar ne a tsakar gida, kuma ina so a rubuta kowa, don kada gobe wata ta ce ba ta wurin. Akwai Yaya Tabawa, yayar maigidana marigayi, wadda ta dawo gidan nan da zama tun rasuwar mijinta. Akwai Ladidi maƙwabciyarmu, ita ta daka lallen ta kwaɓa da lemun tsami. Akwai Rabi autata, malamar Islamiyya, lokacin tana da tsohon ciki. Ita ce ke riƙe da biro yanzu tana rubuta abin da nake faɗa, don ni ban yi makaranta ba. Akwai ni, ina bakin murhu ina tsintar wake. Ta biyar ita ce mai ciwon. Ga Rabi nan ta ɗaga biro tana jiran in faɗi sunanta. Rubuta 'yar Tabawa. Haka na kira ta shekara talatin da shida.

Ni na haife ta, ita ce ta fari. A nan wajenmu, ƙauyukan bayan Kunci, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zuba masa ido a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye ta Yaya Tabawa ta goya ta ta tafi da ita. Ita ta raine ta, ita ta aurar da ita, ita take ce wa Inna. Ni kuwa Iya take ce mini kamar kowane yaro a unguwa. Ba ƙi ba ne, kara ce, haka muka taras. Kuma ni an san ni da riƙe ta fiye da kowa, har ana misali da ni. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Makitsiya ce. Mijinta Isuhu yana Kudu yana dako, abin da ya samu ya aiko, wani watan shiru. Yara uku, da yatsun nan goma take ciyar da su. A shekarun nan da kwanon masara ya fi ƙarfin mai gona ma, balle wanda ba shi da ita, duk wanda ya taɓa hannunta ya taɓa tukunyar gidanta. Wannan shi ne abin da ya kusa salwanta, kuma ina kallo.

Ciwon ya fara da kaka, daga baki. Miki a cikin kumatu, miki a dasashi, ko kunu ta kurɓa sai hawaye. Aka ce zafi ne, aka jiƙa mata bagaruwa ta kuskure baki. Mai kemis ya ba da na shafawa da ƙwayoyi masu kala biyu. Sati huɗu muna haka. Sai ƙuraje suka fito mata a baya da ƙirji, manya, masu ruwa, ba sa daɗewa sai su fashe fatar ta saluɓe ta bar jan nama kamar ƙuna. Nan bakuna suka buɗe. Wannan ta ce jifa ne daga wata makitsiya da ta rasa kasuwa, waccan ta ce ta tsallake wani abu a hanyar rijiya. Aka sha rubutu, aka yi tofi, ban hana ba, addu'a ba ta da laifi. Amma da zane ya fara manne mata a jiki sai an jiƙa kafin a cire, na sayar da akuyata na ba Rabi kuɗin, na ce ta ba Yaya Tabawa, kada ta ce daga wurina ne. Su biyu suka kai ta babban asibiti a birni.

Can aka yanki ɗan guntun fatarta aka kai awo. Likitar fata ta ce sunan ciwon famfigus, in na faɗa daidai. Rabi ta kawo mini bayanin: wai jikin mutum yana da masu gadi da ke yaƙar cuta, nata ne suka ruɗe suka koma cin abin da ke manne fata da nama. Ba a ɗauka, ba kuturta ba ce, ba kuma wanda ya yi mata. Aka ba ta ƙananan fararen ƙwayoyi na safe bayan ta ci abinci, da wata guda daban. Aka ce kada ta kuskura ta daina ko ta rage da kanta, kuma duk wata ta koma a duba ta.

Alhamdu lillahi, magani ya karɓe ta. Kafin azumi baki ya warke, baya ya bushe ya bar tabo baƙi-baƙi. Fuskarta ta yi zagaye, ga ci kamar an buɗe mata wani cikin, a shekarar da kowa ke auna tuwo da ido. Ladidi har tsiya take mata: "Ke wannan ciwo naki ko a ara mini shi ne? Ji kumatu kamar matar ciyaman!"

Daga nan sakaci ya shigo. Mai ya yi tsada, kuɗin bas daga Tsanyawa zuwa birni ya zama abin da za a yi cefanen kwanaki da shi. Wata ɗaya ba ta koma ba, na biyu ma haka. Ta fara sha yau, gobe ta tsallake, don ƙwayoyin su kai ta. Ba wanda ya gaya mini. Ni nake share ƙofar sashen Yaya Tabawa inda 'yarta take zaman kitso, ina ganin ɓawon maganin a shara, na ga ya ragu. Na gani, na share, na zubar.

Saura sati uku Babbar Sallah na lura da babban yatsanta na dama. Tana yi wa wata yarinya tsaga, sai na ga ta riƙe tsinken da yatsan tsakiya, babban ta ɗage shi sama. Da ta zo ɗiban ruwa a randa na saci kallo. Gindin farcen ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ƙarƙashinsa kuma ya yi duhu kamar ƙyaure ya datse ta. Sati na zagayowa yatsu uku ne a hannu, ga kuma babban yatsan ƙafa. Ladidi ta ce karkare ne, aka huda lemun tsami aka cusa yatsan a ciki ya wuni. Ni na san karkare, na yi shi, na yi jinyar masu shi. Yatsa ɗaya yake kamawa. Ban taɓa ganin wanda ya bi yatsu yana ƙirgawa ba.

Mata suka fara ƙus-ƙus, wai kuturta daga yatsu take farawa. Wata ta tashi da rabin kai a tsefe, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta, ba ta dawo ba. Ga Sallah ta matso, kuma kitson Sallah shi ne kakar makitsiya. Shi ya kawo mu ranar lallen da na fara labarin nan da ita.

Ladidi ta shigo da ƙwaryar lalle ta ce, "Ku kawo hannun nan. Lalle yana janye zafi, yana busar da karkare, in ya kama kuma wa zai gane baƙin ciwo da baƙin ƙunshi?"

Rabi ta ce, "Anya, Ladidi? Da dai an fara kai ta an gani."

"A kai ta da me, Malama? Da cikin naki za ki goya ta?"

Ina tsintar wake ina jin su. Na daure na yi magana, ban kalli mai ciwon ba, Yaya Tabawa na kalla. Na ce, "Yaya, hannun 'yarki kuwa, ni ban ga alamar karkare ba."

Sai Ladidi ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa. "Ayyiriri! Jama'a ku zo ku ji, yau Iya ta san da wata a gidan nan! Ashe ana kallo ta wutsiyar ido!"

Yaya Tabawa ta yi dariya ta ce, "To ko in mayar miki da kayarki ne? Shekara talatin ina wahala, yau an tuna."

Wasa suke yi, na sani. Amma kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, ni da ake misali da karata. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni wake nake tsinta." Aka shafa lalle, aka naɗe da leda da tsumma, aka zura hannu a zunguru. Sau uku aka maimaita cikin kwana uku har faratan suka yi baƙi ƙirin gaba ɗaya.

Dabarar Ladidi ta ci, wannan kam gaskiya ne. Mata suka dawo. Satin Sallah tun hantsi har la'asar sakaliya tana kan kujera, yatsu cikin gashi da mai. Ni kaɗai nake ganin tana tashi tsakanin kai da kai ta tsoma hannu a ruwan sanyi tana cije leɓe. Rabi ta ɗauki hoton hannun a waya ta tura wa wata nas da suka saba da ita a asibitin. Nas ɗin ta ce ba ta ganin komai sai lalle, a kawo ta. Aka ce bayan Sallah.

Ran Sallah Rabi ta haihu. Washegari aka miƙa wa 'yar Tabawa soyayyen nama, ta kai baki ta ajiye. Da na ga haka na san ciwon baki ya dawo. Kwana biyu farcen babban yatsan ya fita ɗungurungum, a cikin gashin 'yarta da take tsefewa. Kafin sunan jaririn Rabi baya da ƙirji da cinyoyi duk sun ɗuri ruwa sun fashe, fiye da na farko nesa ba kusa ba, ga zazzaɓi, ga wari. Yatsun suka kumbura suna fitar da mugunya, ko kofi ba ta iya riƙewa.

Wa zai kai ta? Rabi tana jego. Gwiwoyin Yaya Tabawa yanzu ba sa hawa mota, idonta ma ya yi yana. Ban jira an tambaye ni ba. Na sa aka ja tunkiyata zuwa kasuwa, na ɗaura zanena, na ce, "Ke, tashi." A bas ɗin Tsanyawa mutane suka dinga matsawa suna toshe hanci. Wani dattijo dai, Allah ya saka masa, ya bar mata wajen taga ya koma kan buhu ya zauna.

A asibiti layin kati ya kai har bakin baranda. Muka tsaya tun hantsi, ita a zaune a ƙasa ta jingina da bango. Da muka iso taga mai rubutu ya ce, "Ina tsohon katinta?" Mun manta shi a gida. Ya ce, "To sunanta?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

"Baba, sunan mara lafiya nake tambaya, mutane na jira."

Sai ita ta yunƙura ta dafa bango ta miƙe, ta faɗa da kanta, da bakin nan da ya yi ɗanye. Sai da ta maimaita sau biyu don bai ji ba. Na ga jini a leɓenta. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau. Rabi, rubuta, kada ki tsallake.

Likitar fata 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta kai Rabi tsawo ba. Ta duba baki, ta duba baya, sannan ta ɗauki hannun ta juya shi a hasken taga ta daɗe. Ta ce, "Wa ya sa mata lalle a kan wannan?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Yaushe farcen ya fara canzawa?"

'Yar Tabawa ta ce bayan Sallah.

Na ce, "Ƙarya ne. Saura sati uku Sallah, babban yatsan dama. Sati ɗaya bayansa manuni da ɗan tsakiya. Maganin kuma tun bayan azumi take tsallake kwana."

Likita ta sauke tabarau ta dube ni. "Iya, kin ga duk wannan? Me ya hana ki magana?"

Na ce, "Ta fari ce."

Bahaushiya ce, ta gane. Ta ce, "Iya, ciwon nan bai san ɗan fari ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce a wasu masu wannan ciwo farce ne yake fara kawo labari kafin fata ta sake tashi. Da an kawo ta a satin farko, da ƙara mata ƙwayoyi kawai za a yi ta koma gida. Ta ce ciwon farcen ba daga waje yake ba balle a shafa masa abu ya tafi. Maganinsa shi ne dai wanda ake sha na jiki duka. Lallen bai kawo cutar ba, rufe ta ya yi, lemun tsami da gashi da mai kuma suka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Aka ba mu gado. Satin farko ƙarin ruwa da allurai na kashe mugunya, aka kuma ɗaga mata fararen ƙwayoyin sosai. Safe da yamma ana jiƙa yatsun a wani ruwan magani mai duhun ja, a tsane, a shafa mai, a naɗe sama-sama. Likita ta hana a ja farcen da ya ɗago, ta ce a bar shi ya faɗi don kansa. Bakwai suka faɗi a hannu, biyu a ƙafa. Akwai nas ɗaya mai hannu kamar auduga, tana cire bandeji tana ba ta labarin surukarta don ta manta zafi. Allah ya ba ta aljanna. Akwai wata kuma da ke fizga kamar tana fige kaza. Na ce mata, "Yarinya, a jikin mutum yake." Ta harare ni, na harare ta, daga ranar ta sassauta. Rabin magungunan sai an fita waje an sayo, a tsallaka titin da motoci ba sa tsayawa don tsohuwa. Wata jikar ƙanwata da ke aure a Ungogo ita ta dinga aiko mana kunu da faten dankali a adaidaita, ba ta fasa ko rana ɗaya ba, alhali na san gidanta ba yalwa. Isuhu ya aiko abin da ya iya, ya kuma kira yana kuka a waya, na ce ya share hawaye ya koma bakin aiki, kuka ba ya sayen allura.

Sati na biyu sababbin ƙuraje suka daina fitowa, amma maganin ya tayar mata da suga, kullum sai an huda ta an auna. Aka hana ta zaƙi. Sati na uku ta ci tuwo mai laushi da cokali, an ɗaure mata shi a tafin hannu. Ni na yi wanki, ni na yi fifita, ni na juya ta a gado ta kan zane. Amma hannun nan na nas-nas ne, ban taɓa shi ba. Kuma har lokacin "ke" nake ce mata.

Ranar sallama likita ta zaunar da mu. Ta miƙo nata yatsan tana nuna mini: nan gindin farce, in ya kumbura ko ya yi ja, nan ƙarƙashi, in ya yi duhu, nan tsakiya, in wani kwari ya gitta. Ta ce ba lalle, ba yankan farce har cikin nama, ba doguwar jiƙa hannu a ruwa, ba kitso sai ta ba da izini. Ta ce, "Kullum da safe, a hasken rana, wani ya riƙe hannun ya duba yatsa ɗaya-ɗaya. Ba ita ba, ita za ta ɓoye saboda sana'a. Wa zai yi?"

Na ce, "Ni."

Yau wata takwas ke nan. Faratan hannu sun fito, a hankali kamar ba za su fito ba. Sai da aka yi wata biyar kafin su rufe nama. Suna da gargada, na babban yatsan ya karkace, na ƙafa har yanzu rabi ne. Likita da kanta take rage maganin kaɗan-kaɗan, kuma ko ba a yi miya a gidan nan ba ranar komawa ba ta wucewa. Ta koma kitso, kai biyu a rana. Wasu matan ba su dawo ba har yau, su suka sani. Ladidi tana nan tana gaya wa mutane wai lallenta ne ya janyo cutar waje har likitoci suka gan ta. Na bar ta, amma ba ta ƙara shigo mini da ƙwarya ba.

Abin da ya sa na ce a rubuta: duk mai irin wannan ciwo a gida, kada fata ta bushe a ce an gama. Kada a tsallake magani don tsada, wanda za a saya daga baya ya fi. Farce ya canza, a bar shi a buɗe, a tafi a satin. Kuma wadda ta gani ta faɗa, ko za a yi mata guɗa. Ban ce a zubar da kara ba, ni ma ban zubar ba. Na ce dai farata tara na biya da tawa, kuma ba nawa ba ne.

Saura abu ɗaya. Ranar da muka dawo daga asibiti, Yaya Tabawa ta ji bayanin duba hannu, ta ce, "Ai sai a riƙa kawo mini ina gani." Na ce, "Yaya, da wane idon?" Ta dai yi murmushi.

Washegari da rana ta hau katanga na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, inda kowa zai gani. Yaya Tabawa tana ƙofar ɗakinta da carbi, Rabi tana shayar da jariri, Ladidi ta leƙo ta kan danga. Mai jikin ta fito za ta wuce wajen randa.

Na ce, "Hauwa'u."

Ta waiga bayanta tana neman wadda ake kira.

Na ce, "Da ke nake. Zo ki zauna, miƙo hannun."

Ta zauna ta miƙo. Rabona da riƙe shi tun yana iya ɓacewa a cikin tafina. Ladidi ta buɗe baki za ta yi guɗa, na ɗago na dube ta, ta rufe. Na juya hannun ga rana, na fara daga babban yatsa.